Akwatin wifi na da makulli biyu, amma gidaje da yawa guda kawai suke rufewa

Ana yawan jin wannan ƙorafi a gidajen da ke da ɗa a ci-rani. An turo kuɗi daga Abijan ko Aljeriya, an zuba forfe na wata guda a akwatin wifi, kwana goma bai cika ba jiga ta ƙare. Wanda ya turo kuɗin ya zargi ƙannensa da kwana a TikTok, su kuma su rantse ba su ba ne. Sau da yawa gaskiyarsu ne: rabin fadar ƙofar gida ce ke sha daga akwatin.

Abin da aka saba yi shi ne a canza kode. Bayan kwana biyu sai ga matasan sun dawo gindin katanga, kowa da salularsa.

Dalili kuwa, akwatin na da makulli biyu. Na farko shi ne koden da ake bugawa a salula don a samu rezo. Na biyu shi ne na shafin sarrafa akwatin, wanda ake shiga ta hanyar rubuta lambobi irin su 192.168.1.1 ko 192.168.0.1 a burauza, ko 192.168.8.1 a yawancin ƙananan akwatunan Huawei. Akwatuna da yawa, musamman tsofaffi, suna fitowa daga kamfani da "admin" a matsayin suna, "admin" kuma a matsayin kalmar sirri. Duk wanda ke kan rezon yana iya buɗe shafin, ya karanta kode, ya canza shi, ko ya kori mai gidan kansa. Wanda ya ƙware yana ma iya karkatar da masu gidan zuwa shafukan bogi da ke kwashe kalmomin sirri. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubun dubatar na'urori a duniya ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomin na kamfani kawai.

Don haka aikin farko shi ne canza kalmar shafin sarrafawa, kuma kada ta zama iri ɗaya da koden wifi.

Sai nau'in kariya. A ɓangaren tsaro, wanda akwatuna masu Faransanci ke kira "Sécurité", akwai zaɓi. WEP tsohon yayi ne, tun 2001 masana suka nuna yadda ake fasa shi, yau kuwa aikin mintuna ne. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 a 2018. Wanda akwatinsa ke da WPA3 ya zaɓe shi; in tsofaffin salulolin gida suka ƙi kamawa, WPA2 mai AES ya wadatar. Kode yana ɗaukar harafi 8 zuwa 63. Lambar wayar mai gida ko sunan autarsa da shekarar haihuwa, su ne farkon abin da maƙwabci zai gwada. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna sun fi ƙarfi, sun kuma fi sauƙin riƙewa.

Akwai wata ƙofar baya da ake mantawa, wato WPS. An ƙirƙiro ta don sauƙaƙa haɗa na'ura da lamba 8. A ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa akwatin na duba lambar ne rabi-rabi, shi ya sa gwaji 11,000 ya isa a gano ta, ita kuma ta tona koden komai tsawonsa. Manhajojin "fasa wifi" da yara ke saukewa, da yawansu nan suke bi. A kashe WPS.

Sauran matsalar ta zumunci ce. Tun daga Android 10, salula na iya nuna koden wifi a hoton QR, abokin baƙo ya ɗauka cikin daƙiƙa. Hana maƙwabci kode kuwa abin kunya ne a Maraɗi ko Damagaram. Akwatuna da dama na da rezon baƙi mai kodensa daban; ana iya canza shi duk sati ba tare da an taɓa salulolin gida ba, wasu ma na barin a ƙayyade masa gudu. Ɓoye sunan rezo, da wasu masu gyara ke karɓar kuɗi a kansa, ba ya hana wanda ya san aiki ganinsa.

Masu Starlink, wanda ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025, su lura cewa sabon akwati na tashi ne a buɗe har sai an sa masa suna da kode a cikin manhajarsa. Sauran akwatuna kuma suna da ɗan rami a baya: aka soka tsinke na kamar daƙiƙa 10, komai ya koma yadda ya fito daga kamfani, har da koden da ke manne a takardar ƙasan akwatin. Shi ya sa ajiye shi a zaure, inda kowa ke wucewa, ke rusa duk saitin da aka yi.