Ƙiba ta tafi, fata ta zauna: wa ya cancanci tiyatar fatar ciki?

Mutum zai yi shekara guda yana yaƙi da bakinsa. Ya rage burodi da taliya, ya daina cika suga a shayi, yana takawa bayan sallar asuba, har sikeli ya nuna kilo 25 ko 30 sun tafi. Likita ya ce madalla, suga ya sauka, gwiwa ta yi sauƙi. Amma da ya tuɓe riga sai ya tarar da abin da ba wanda ya gaya masa: fatar ciki ta saki, ta zubo kan mara kamar buhun da aka juye.

Wannan matsala tana nan cikin mutanenmu na Silet da Abalesa da Tamanraset, kunya ce kawai ta hana a yi zancenta. Akwai magidantan da ciwon suga ya tilasta wa rage jiki, akwai iyayenmu mata da suka yi haihuwa shida ko takwas. Da mutum ya buɗe Facebook sai ga tallan asibitocin Tunisiya da Turkiyya, hoto kafin aiki da hoto bayan aiki, ciki a shafe kamar na budurwa. Tallan ba ya faɗin wanda aikin ya dace da shi. Ga wanda ke zaune a tsakiyar Sahara kuwa, cancantar ta haɗa da jikinsa da kuma hanyar da zai bi ya dawo gida.

Me ya sa fata ba ta komawa?

A cikin fata akwai wasu zaruruwa masu talewa su dawo, kamar robar wando. Idan roba ta yi shekaru a tale, ko an sake ta ba ta komawa yadda take. Haka fata. Yawan shekaru, daɗewa cikin ƙiba, haihuwa a kai a kai da shan taba duk suna kashe ƙarfin zaruruwan nan. Nankarwar da ake gani a ciki alama ce ta inda suka tsinke. Fata takan ɗan koma da kanta a cikin shekara ɗaya zuwa biyu bayan rage jiki, musamman ga mai ƙuruciya. Abin da ya rage bayan nan, motsa jiki ba ya kawar da shi, man shafawa ba ya yi, ɗaure ciki da ɗamara ma ɓoyewa kawai yake yi.

Abubuwa uku ne muke haɗawa mu kira su teɓa. Na farko tumbi mai tauri, wanda kitsensa ke can ciki kewaye da hanji. Wannan wuƙar likita ba ta kai masa, sai rage ci da motsa jiki. Na biyu fata mai laushi da za ka iya damƙa da hannu. Na uku rabuwar naman ciki, wanda ya fi samun mata bayan haihuwa. Uwargida za ta iya gwadawa a ɗaki: ki kwanta rigingine, ki ɗaga kai kaɗan, ki danna yatsu sama da cibiya. Idan yatsu biyu ko fiye suka nutse a tsakani, naman ya rabu. Idan kuma akwai wani ƙullutu da ke fitowa in an yi tari, wataƙila ƙaba ce, ita kuwa ciwo ce da ke son likita ko ba zancen kwalliya.

Abu ɗaya kafin mu wuce. Wanda ya rame ba tare da ya nemi ramar ba, kada ya tsaya kallon fata. Ciwon suga, tarin fuka, ciwon daji da cuta mai karya garkuwar jiki duk suna iya fara sallama da rama. Gwajin jini ne gaba da komai.

Yadda aikin yake

Likitocin Aljeriya, da yake da Faransanci suke aiki, abdominoplasti suke ce wa wannan tiyata. Ana sa mutum barci gaba ɗaya, aikin kan ɗauki awa 2 zuwa 5. Ana yanka daga wannan ƙugu zuwa wancan, a ƙasan mara, a ɗaga fata, a ɗinke naman da ya rabu, a yanke rarar, a fito da cibiya ta sabon wuri. Tabon yana dusashewa amma ba ya ɓacewa har abada. Galibi ana barin siririn tiyo na 'yan kwanaki don ruwa ya fita, sannan a sa ɗamarar asibiti wajen mako 6. Akwai kuma ƙaramin aiki, inda ake yanke fatar da ta zubo kawai ba a taɓa nama ba, ga wanda fatar ke sa wa gyambo. Zuƙe kitse da bututu wani aiki ne daban, ba ya cire fata, yana ma iya ƙara mata saki.

Kada kowa ya ɗauka wannan hanyar rage ƙiba ce. Abin da ake yankewa sau da yawa 'yan kilo ne kaɗan. Aiki ne na ƙarshe, bayan mutum ya gama nasa.

Sharuɗɗan da likitan kirki zai duba

Na ɗaya, nauyi ya tsaya cik na wata 6 zuwa shekara. Wanda aka yi wa tiyatar rage tumbi yakan jira shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In an yanke fata mutum yana kan ramewa, wata za ta sake zubowa. In kuma ya koma ƙiba, kuɗi sun tafi a banza.

Na biyu, awon nauyi da tsawo. Lissafin ba wuya, ɗan kasuwa zai yi shi a kan kwali. Ka ninka tsawonka da kansa, ka raba nauyinka da abin da ya fito. Mace mai tsawon mita 1.60, lissafinta 2.56 ke nan. In tana da kilo 90, awonta 35. In ta sauko kilo 75, ya koma 29. Yawancin likitoci sun fi son awon ya kasance ƙasa da 30, domin sama da haka ɗinki ya fi saurin buɗewa da ruɓewa.

Na uku, taba. Sigari, shisha, har da ta baki, dole a bari aƙalla mako 4 zuwa 6 kafin aiki da kuma bayansa. Taba tana matse ƙananan jijiyoyin jini, fatar da aka ɗaga kuwa da su take rayuwa. In jini bai kai mata ba sai ta yi baƙi ta mutu.

Na huɗu, suga da hawan jini su kasance a saite, jini kuma ya isa. Ƙarancin jini ya yi yawa cikin matanmu, a gyara shi tukuna.

Na biyar, haihuwa. Tiyatar ba ta hana ɗaukar ciki, amma sabon ciki yana iya warware duk abin da aka ɗinke. Wadda ke sa ran ƙarin haihuwa ta dakata. Mai jego ma ta bari sai ta yaye. Wannan shawara ce ta miji da mata tare.

Na shida, gaskiya. Duk abin da ake sha a faɗa wa likita: maganin tsinka jini, asfirin, sababbin alluran rage ƙiba irin su Ozempic, sassaƙe da jiƙo. Wadda ta taɓa shan ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe ta faɗa ba kunya, don wasunsu suna sirantar da fata, suna hana rauni warkewa.

Hanya ma sharaɗi ce

Nan ne namu ya bambanta da na mai zama a Aljiyas ko Tunis. Daga Silet zuwa Tamanraset kimanin kilomita 130 ne. Daga Tamanraset zuwa Aljiyas kusan 2,000 ta mota. Mai sha'awar komawa gida ya yi jinya, sai ya yi wajen kilomita 400 kafin ma ya kai Ingezam, ga Asamaka da Arlit da Agadas a gabansa.

Babban haɗarin wannan tiyata shi ne gudan jini ya daskare a ƙafa, ya ɓalle ya toshe huhu. Doguwar zama a mota ko jirgi cikin makonnin farko tana ƙara wannan haɗari. Ruwa kan taru a ƙarƙashin fata, sai an zuƙe shi sau da yawa. Ɗinki kan buɗe. Duk waɗannan suna son likitan da ya yi aikin a kusa. Tallan da ya ce ka zo ka koma cikin kwana biyar, tambaye shi wa zai duba ka ranar kwana na goma.

Sai sana'a. Mako 6 ba ɗaga kaya mai nauyi. Mu da abincinmu ke cikin buhun dabino da katan ɗin taliya da jarkar mai, wa zai riƙe shago? Uwargida mai tuwo-tuwo, wa zai sauke mata tukunya, wa zai ɗebo ruwa? Wannan ma kuɗi ne, a sa shi cikin lissafi tun farko. Ga zafi: Silet ta fi Tamanraset kwari, ta fi ta zafi, ɗamarar asibiti cikin bazara azaba ce. Mai niyya ya nufi lokacin sanyi.

Akwai kuma batun takardu. Kowa ya san yadda ake kwasar baƙi a kai su bakin iyaka, su taka wajen kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka. Wanda takardun zamansa ba su cika ba, ya yi tunanin wannan tafiya da ɗanyen ɗinki a ciki.

Kuɗi ma ba sa sayen tabbas. A ranar 23 ga Oktoba 2005, Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu a Marbella ta ƙasar Sifen bayan aikin zuƙe kitse. A 2009 kotu ta sami likitan da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara guda. In haka ta faru ga matar shugaban ƙasa a Turai, ina ga mai bin araha ta hannun dillali a waya? Ka nemi cikakken sunan likita, ka tabbatar ƙwararren likitan fiɗa ne mai rajista, ka tambaya ko asibitin na da ɗakin kula da wanda ya jigata. Wanda ya ba ka rana bai tambayi nauyinka da sugarka ba, kasuwarsa yake yi.

Magani ne ko ado?

Inshorar lafiya kusan ko'ina ba ta biyan aikin kwalliya. A Faransa takan biya ne idan fatar ta zubo har ta fara rufe gaba, shi ma sai likitan inshora ya amince tukuna. Malamai ma kusan a nan suka ja layi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta halatta tiyatar gyaran jiki don kawar da cuta ko aibi, ta hana wadda ake yi don canza lafiyayyar halitta saboda son rai. Fatar da ke sa gyambo, ko take hana mutum tafiya da tsarki yadda ya kamata, zancenta daban ne da na mai son ya yi kama da hoto.

Kafin lokaci ya yi

Mafi yawanmu ba za mu yi wannan tiyata ba, kuma ba laifi. Abin da ake bukata shi ne kula da lungun fatar. A wanke kullum da sabulu mai sauƙi, a busar sarai, a sa ƙyallen auduga mai tsabta a tsakani ya sha zufa. In wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi ko wari, a je ɗakin shan magani, akwai man shafawa mai araha da ke kashe shi. Kada a shafa man bilicin. Mai ciwon suga kuwa, ko ƙaramin gyambo ne kada ya bari ya kwana biyu. A ci abinci mai gina jiki, wake, ƙwai, nama, madara, don naman ciki ya yi ƙarfi.

Alhaji, in Hajiya ta yi ta maza ta rage jiki, kada bakinka ya zama dalilin da za ta kai kanta ga wuƙa. Cikin nan shi ya ɗauko maka 'ya'ya. Wanda kuma fatar ke cutarwa da gaske, ya bi abin daki-daki: gwajin jini a Tamanraset, sikeli duk wata har shekara, barin taba, tanadin kuɗin aiki da na zaman wata biyu ba ciniki, sannan neman likita. Sauri ya haifi nawa. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.