Lanƙwashewar bawul ɗin zuciya: gaskiya da jita-jita

Da zarar likita ya ce bawul ɗin zuciyar mutum ya lanƙwashe, sai gida ya ɗauka da salati, dangi daga Kawo har Unguwar Rimi su yi ta zuwa dubiya kamar kwanansa ya ƙare. Wannan tsoro ya wuce kima. Bawul ɗin da ake nufi, wato na mitral, yana tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya, da marfi biyu masu hana jini komawa baya. A wasu mutane marfin yakan yi laushi, ya riƙa kumbura baya idan zuciya ta buga. Likita John Barlow na Afirka ta Kudu ya bayyana yanayin a shekarun 1960, kuma ana samunsa a kusan mutum 2 zuwa 3 cikin 100. Mafi yawansu har su tsufa ba ya hana su komai.

Masu cewa baƙin ciki ko yawan tunani ne ke kawo shi ba su faɗi daidai ba. Daga ƙirar naman bawul ɗin yake, wani lokaci ma ana gadonsa. Batun cewa mace mai shi ba za ta haihu ba, shi ma ƙarya ne. Galibi suna sauka lafiya, sai dai a sanar da likita tun farkon awo.

Amma wanda ya ce "ai ba komai ba ne" shi ma ya yi ganganci. A kaɗan daga cikinsu bawul ɗin yakan fara yoyo, jini na komawa baya shekara da shekaru, har zuciya ta faɗaɗa ta gaza. Daga nan sai haki, kumburin ƙafa, da rikicewar bugun zuciya da kan jawo shanyewar ɓarin jiki. Ƙwayoyin cuta ma kan kama bawul mai yoyo, shi ya sa zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya ba abin wasa ba ne. Mutuwar fuju'a na faruwa, amma da wuya ƙwarai. Idan yoyon ya tsananta, ƙwaya tana rage wahala ne kawai, tsimi da jiƙo kuwa ba sa miƙe marfin. Gyaransa sai tiyata.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗa shi da ciwon da ya fi yi mana ɓarna a Arewa: lalacewar bawul bayan ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a magance ba. Wancan yakan buƙaci allurar fenisilin a kai a kai har tsawon shekaru. Lanƙwashewar kuwa ba ta buƙata. Kunnen likita kaɗai ba ya isa a tabbatar da wanne ne, sai hoton zuciya na eko. Wanda ke da haki, suma ko faɗuwar gaba mai yawa ya nemi a tura shi ga likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mai yoyo kuma ya tambayi likitansa yaushe zai koma a sake hoton.