WANE SABULU YA KAMATA MU YI WANKA DA SHI?

Cikin hunturun da ya wuce muna zagayen ɗakunan kwanan ɗalibai a kwalejin horon malamai, sai muka lura hannuwan yara da yawa sun bushe sun tsattsage, waɗansu har suna tsatsar jini. Da muka bincika sai muka tarar garin sabulun da su ke wanke tufafi da shi, shi kuma su ke barbaɗawa a soso su yi wanka, wai don ya fi kumfa ya kuma fi araha. To, wannan shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wa malamai da akawuna bayani, domin su ne jama'a ke kallo, abin da suka saya shi maƙwabta kan saya.

Da farko dai sai mu san mene ne sabulu. Sabulu na ainihi abu biyu ne a ke gamawa, watau mai da abu mai kaifi irin ruwan toka ko soda. In an dafa su tare sai su rikiɗa su zama sabulu da wani ruwa mai yauƙi da a ke kira gilisarin, wanda ke riƙe laima a fata. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan aiki. Su kan ƙone karan dawa ko na gero, su tace tokar, su dafa ruwanta da kitse ko man gyaɗa ko man kaɗanya. A ƙasar Yarbawa da Gana kuwa ɓawon koko da na ayaba a ke ƙonawa a gama da man alayyadi. Shi ne baƙin sabulun nan da mu ke kira sabulun salo. Amma bayanin yadda mai ke komawa sabulu, wani masani Bafaranshe mai suna Chevreul ne ya rubuta shi filla-filla a 1823.

Sabulun zamani kuwa, na gari da na ruwa, asalinsa dabam ne. A Jamus aka fara yinsa a 1916, sa'ad da Yaƙin Duniya na Farko ya kawo ƙarancin kitse. Bayan Yaƙi na Biyu sai ya bazu ko'ina, ana yin yawancinsa daga man fetur. Gaskiya ya zo da amfani. Kowa ya yi wanki da ruwan rijiya mai nauyi ya san sabulun gargajiya ba ya kumfa sosai a cikinsa, sai ya tara wani farin dauɗa a bakin kwano. Na zamani ba ruwansa da wannan, shi ya sa ya karɓu.

Amma ba a daɗe ba sai ɓarnarsa ta bayyana. Irin na farko ba ya ruɓewa cikin ruwa, har kumfa ta riƙa taruwa tuli a kogunan Turai da Amurka. Tilas wajen 1965 masana'antu suka sauya shi da irin da ke ruɓewa. Sa'an nan ga fosfet, wanda a ke zubawa don ƙara ƙarfin wanki. Fosfet taki ne. In ya gangara tabki sai gansakuka ta yi ta tofo, in ta mutu ta ruɓe sai ta cinye iskar da ke cikin ruwan, kifi ya mutu. Haka ya faru ga Tabkin Erie da ke tsakanin Amurka da Kanada, inda fosfet ɗin wanki ya haɗu da na masai da na gonaki, har ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniya a 1972 don ceton ruwan. Tarayyar Turai ma ta taƙaita fosfet cikin sabulun wanki tun 2013. Mu kuwa a nan, ruwan wankinmu ba ya bi ta wata matata. Daga lambatu sai kududdufi ko rafi, inda dabbobi ke sha, masu lambu kuma ke ban ruwa. Sabulun mai da toka ba shi da fosfet, ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa da ruwa kuwa su kan cinye shi nan da nan.

Sai mu komo ga fata. Jikin ɗan Adam yana da wani maiƙo na kansa da ke tsare shi daga bushewa. Garin wanki an shirya shi ne don ya fitar da maiƙo daga tufa, saboda haka in ya hau jiki ba ya bambanta maiƙon miya da na fata. Shi ne abin da ya sami ɗalibanmu. Sabulun da aka yi a gida kuwa gilisarin ɗinsa na nan a ciki, in kuma an bar ɗan rarar man kaɗanya sai ya rage bushewa.

Amma fa kada wani ya ce mun ce duk abin gargajiya lafiyayye ne. Masana suna da ma'aunin tsami da kaifi mai hawa daga 0 zuwa 14. Fatar mutum tana wajen 5, sabulun mai da toka kuwa yana tsakanin 9 da 10, watau yana da kaifi. In mai yinsa ta cika toka ko soda, sai ya ci fata kamar kanwa. Akwai kuma sabulun zamani marar kaifi da aka shirya musamman don jarirai da masu cutar fata, in likita ya ce shi za a yi amfani da shi, to, maganarsa za a bi. Har ila yau yawan neman man ja don sabulu da abinci ya jawo sare dazuzzuka masu yawa a Indunisiya da Malesiya. Man kaɗanya da na gyaɗa kuwa namu ne, kuɗinsu hannun matan ƙauyukanmu ya ke shiga.

Akwai sabulai iri biyu da mu ke so a yi hattara da su ƙwarai. Na ɗaya shi ne mai sa farin jiki, domin a kan sami zaiba cikin waɗansunsu, ita kuwa tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma cutar da ɗan tayi. Na biyu shi ne wanda a ke talla wai yana kashe ƙwayoyin cuta. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa abubuwa 19 cikin irin wannan sabulu, har da wanda a ke kira tiraikulosan, don masu yinsa sun kasa nuna ya fi sabulu zalla da ruwa amfani. Abin da ke fid da cuta daga hannu shi ne cuɗawa sosai kamar daƙiƙa 20 da ɗauraya da ruwa mai tsabta.

To, ga shawararmu. Don wanka da wanke hannu a nemi sabulun salo ko na kaɗanya wurin wadda aka san aikinta, a gwada shi a damtse tukuna, in ya yi zafi ko ƙaiƙayi a bar shi. Garin wanki a bar wa tufa, a zuba kaɗan, kada kuma a yi wanki a bakin rijiya ko cikin rafi, a zubar da ruwan can nesa inda ƙasa za ta shanye. Masu yin sabulun soda ba tare da dafawa ba su bar shi ya huce mako 4 zuwa 6 kafin a sayar. Sodar kuwa a kulle ta, kada a zuba ta cikin kwalbar ruwan sha, domin yaron da ya kurɓe ta maƙogwaronsa ya kan ƙone, wani har iyakar ransa ba ya iya haɗiyar abinci sosai.

Malamai kuma muna roƙonku ku mai da wannan darasi a aji. Ku gayyato tsohuwa mai dafa sabulu ta nuna wa yara, ku kuma ku bayyana musu dalilin kowane mataki. Mu dai da muka raba wa ɗalibanmu sabulun wanka dabam da na wanki, muka sa su shafa man kaɗanya bayan wanka, kafin hunturu ya fita hannuwansu sun warke. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.