Alkuki a makewayi: a nemi tuyo kafin a sari bango

Tun zamanin kakanni magina suke barin alkuki cikin bango domin aje fitila. Yau a garin Gaya, masu sababbin gidaje suna son irinsa a makewayi, da ƙyaure da madubi, domin aje sabulu da soso. Amma bangon yanzu yana ɗauke da tuyon ruwa, wanda ido ba ya gani.

Gaya tana cikin yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. Bangon da damina ta jiƙa daga waje, in tuyo ya fashe cikinsa, ba ya daɗewa.

Saboda haka, kafin a ɗauki guduma, a rufe ruwa daga kwantar. Galibi tuyo yana bin bango a miƙe, sama ko ƙasa da pampo: a kauce wa wannan layi. In babu makawa, mai gyaran pampo ya karkatar da tuyon tukuna. A ɗora dogari a saman ramin domin ya riƙe nauyin bulo.

Bayan aiki, a buɗe kwantar, a rufe kowane pampo. In allurarsa tana juyawa, akwai yoyo. Rigakafi ya fi magani.