Ko Kun Sani? Tashar da ƙanƙara ta haƙa

Manyan jiragen ruwan da mutanen Zangon Kwatano suka saba gani ba su samu matsowa gaɓa ba sai da aka gina musu tasha mai zurfi, wadda aka buɗe a 1965. A Norway kuwa, ƙanƙara ce ta yi haƙan. Shekaru dubbai tarin ƙanƙara mai kaurin gaske yana gangarowa daga tsaunuka a hankali, yana sassaƙe dutse, da ya narke teku ta cika kwarin. Mafi girman irin wannan kwari a ƙasar shi ne Sognefjord: tsawonsa ya haura kilomita 200, zurfinsa ya kai mita 1,300 a wani wurin. Shi ya sa jibgegen jirgin masu yawon buɗe ido ke kutsawa tsakanin duwatsu, fasinja na kallon ruwa yana zubowa daga ƙololuwa. Ikon Allah!

Abin damuwa, ragowar ƙanƙarar duniya tana narkewa, teku tana ƙaruwa. Unguwar Akpakpa da ke Kwatano, wadda ruwa ya riga ya cinye mata gidaje saboda tashar garin ta tare yashin da igiya ke kawowa, tana cikin masu ji a jika.