Kwale-kwale na jira a San Ignasiyo, kifin wel na ramewa a arewa

Da watan Janairu ya kama, da yawa daga cikin masuntan tafkin San Ignasiyo, a zirin Baja Kalifoniya na ƙasar Meziko, sukan ajiye taru su koma ɗaukar baƙi a kwale-kwalen da suke kira panga, har zuwa Afrilu. Abin da ake zuwa kallo shi ne wel mai launin toka, wanda sunan kifi kawai yake amsawa, domin da huhu yake numfashi, macen kuma shayar da ɗanta take yi. A tekun Bering da na Chukchi, tsakanin Alaska da Rasha, yake kiwo a watannin zafi, sannan ya biyo gaɓa ya yi kudu domin haihuwa. Zuwa da dawowa kan kai kilomita 16,000 zuwa 20,000, kuma kusan da kitsen jikinsa kaɗai yake yin wannan tafiya.

Da can, jini ne tsakaninsa da mutane. Bayan da mafaraucin wel Charles Scammon ya shiga tafkin Ojo de Liebre da ke wannan zirin a 1857, mafarauta sun mai da wuraren haihuwar mayanka. Uwa kan farfasa jirgi idan an taɓa ɗanta, har suka laƙaba mata suna shaiɗaniyar kifi. Sai ga shi a 1972, a San Ignasiyo, wata ta matso jikin kwale-kwalen wani masunci, Francisco Mayoral, ta tsaya har ya miƙa hannu ya shafa ta. Kan wannan amana aka gina sana'ar San Ignasiyo, ko da yake tun 1955 ake ɗaukar masu kallo a San Diego kan dala ɗaya.

Sana'ar ta yi rana. A 1988 Meziko ta kafa gandun El Vizcaíno, UNESCO ta sa tafkunan cikin wuraren gado na duniya a 1993, Amurka kuma ta cire wel ɗin daga jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa a 1994. Babban gwajin ya zo ne lokacin da kamfanin Mitsubishi da gwamnatin Meziko suka shirya gina katafaren wurin samar da gishiri a bakin tafkin San Ignasiyo. A 2000 shugaba Ernesto Zedillo ya soke shirin. A ganina, da babu mutanen da suka taɓa kallon idon wel daga cikin panga, da babu masuntan da tuwonsu ya dogara gare shi, da wuya a sami masu ɗaga murya haka.

Amma masu tsaron tafki ba su da iko da abin da ke faruwa a inda dabbar take ci. A 2016 an ƙiyasta yawansu da kusan 27,000. Daga 2019 gawarwaki suka fara fitowa gaɓa daga Meziko har Alaska, da dama a rame, kuma hukumar NOAA ta Amurka ta ƙirga 690 zuwa 2023. Ƙiyasin 2025 ya sauko kusan 13,000. Masana sun fi danganta wannan da ɗumamar tekun arewa. Wel kan zuƙo laka daga ƙasan teku ya tace ƙananan halittu masu kama da jatan lande, su kuma suna rayuwa ne da gansakukar da ke tsirowa a ƙarƙashin ƙanƙara ta faɗo ƙasa. Ƙanƙara ta ja baya, kiwo ya ragu, uwa ta taso ba kitse, ciki ya ƙi zama.

Ba na ɗora wa masu panga wannan laifi, amma ba na wanke jirage gaba ɗaya. Dabbar da ke azumin watanni tana shayarwa, duk kaucewar da ta yi wa ƙarar inji kitse take ƙonawa. A San Ignasiyo an ware yanki guda na kallo, an kayyade yawan kwale-kwale da tsawon lokacin da kowanne zai yi, sauran tafkin kuma an bar wa uwa da ɗanta. A buɗaɗɗiyar gaɓar Kalifoniya kuwa, ban da masu kallo akwai manyan jiragen dakon kaya da igiyoyin tarkon ƙaguwa. Ta nan iyaye ke wucewa da 'ya'yansu in za su koma arewa, kuma a 2025 masu ƙirga sun ƙiyasta cewa 'ya'ya 85 kacal suka wuce.