Kogon da Wuta Ta Gina a Ƙarƙashin Dusar Ƙanƙara

A arewa maso yammacin ƙasar Amurka akwai wata jiha da ake kira Washington. Kada mai karatu ya haɗa ta da babban birnin ƙasar mai wannan suna, gama tsakaninsu akwai tafiyar fiye da mil dubu biyu. A jihar nan akwai wani dutse mai aman wuta, sunansa St. Helens. Watanni da yawa cikin shekara dusar ƙanƙara takan rufe shi fari fat. A gindinsa ta wajen kudu, ƙarƙashin kurmi, akwai wani kogo mai tsawon kusan mil 2 da rabi, wato wajen kilomita 4. Yana cikin mafi tsawo na irinsa a nahiyar Amurka ta Arewa, mutane kuwa sukan zo da 'ya'yansu su yi tafiya a cikinsa.

Wanda ya ji an ce kogo a gindin dutse mai aman wuta, wuta zai fara tunawa. Amma abubuwan da suka fi ba matafiya wahala a ciki su ne duhu da sanyi da santsi.

Yadda aka yi kogon

Kowace uwargida ta san abin da kunu yakan yi in an ajiye shi a ƙwarya. Samansa yakan yi fata ya huce, ƙasansa kuwa yana nan da zafi. Haka ya faru a nan wajen shekara 2,000 da suka wuce. Narkakken dutse ya ɓullo daga jikin St. Helens, zafinsa ya wuce digiri 1,000 a ma'aunin Selshiyas, ya malalo gangare kamar rafi. Iska ta sanyaya samansa da gefensa har suka daskare suka zama rufi da bango. Na ciki kuwa ya ci gaba da gudu, domin rufin nan ya tsare masa zafinsa. Sa'ad da aman ya tsaya, sauran narkakken dutsen ya tsiyaye ya wuce, ya bar dogon rami kamar bututu.

Har yau ana ganin shaidar wannan aiki. A jikin bango akwai zane-zane a jere, kowanne yana nuna inda kogin wutar ya taɓa kaiwa, kamar yadda ambaliya takan bar alama a bangon gida. A wani wuri akwai dogayen kunyoyi biyu na dutse a ƙasa, masu kama da hanyar jirgin ƙasa. A wani wurin kuma akwai wani ƙaton curin dutse da ya faɗo daga rufi tun wutar tana gudu. Ta ɗauke shi, ta tafi da shi, har ya maƙale tsakanin bango biyu. Yana can sama har yanzu, mutane suna bi ta ƙarƙashinsa.

Inda ya sami sunansa

Wajen shekarar 1950 ne wani mai aikin yankan katako, Lawrence Johnson, ya ci karo da bakin ramin a kurmi. Ya ba wani mutum mai suna Harry Reese labari. Shi kuwa Reese ya zo da 'ya'yansa maza da waɗansu samari 'yan sikawut, suka sauka ciki suka bincika shi. Samarin nan suna yi wa ƙungiyarsu laƙabi da goggon biri na St. Helens, daga nan ne kogon ya sami sunansa na Turanci, Ape Cave, wato Kogon Goggon Biri. Babu biri ko ɗaya a ciki.

Ranar Lahadi, 18 ga Mayu 1980, da misalin ƙarfe takwas da rabi na safe, dutsen ya fashe. Mutum 57 suka rasa rayukansu, kurmi mai faɗin gaske ya kwanta ƙasa, dutsen kansa ya ragu da wajen mita 400. Ƙarfin fashewar ta gefen arewa ya fita, kogon kuwa yana kudu, saboda haka ya tsira. A 1982 gwamnatin Amurka ta keɓe yankin domin a kiyaye shi, ma'aikatan gandun daji ne suke lura da kogon.

Hanya biyu

Matakala ce take kai mutum ciki. A ƙasanta hanya ta rabu biyu. Ta gangare ita ce mai sauƙi, tsawonta kashi uku cikin huɗu na mil. Ƙasan wurin shimfiɗe yake, da yashi da toka waɗanda ruwa ya kwaso ya zuba ciki ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Can ƙarshe rufin yana ta saukowa har sai mutum ya yi rarrafe, sa'an nan ya juyo. Zuwa da dawowa wajen sa'a ɗaya ne. Wannan ita ce ta dace da iyali masu ƙananan yara.

Hanyar tudu kuwa mil ɗaya da rabi ce, ba ta masu ciwon gwiwa ba ce. Duwatsun da suka zubo daga rufi tun da daɗewa sun yi tsibi-tsibi, fiye da 20, tilas mutum ya hau kowanne da hannu da ƙafa. Akwai kuma wani bango mai tsayin ƙafa 8, inda narkakken dutse ya taɓa zubowa kamar ruwa daga kan tsauni. Santsi gare shi, wurin sa ƙafa kaɗan ne, sau da yawa sai ɗaya ya tura daga ƙasa, ɗaya ya ja daga sama. Kusa da ƙarshe akwai wata taga a rufi inda hasken rana yake leƙowa, amma an hana fita ta nan saboda hatsari. Sai an ƙara gaba za a sami tsani na ƙarfe. Tafiyar takan ci sa'a biyu da rabi ko fiye, daga nan kuma a bi ta cikin kurmi a komo inda aka fara.

Duhu da sanyi

Mu da muka san daren da babu wata muna tsammani mun san duhu. Amma a waje, ko da tsakar dare, akwai taurari, ido kuma yakan saba. A cikin kogon nan, in an kashe fitila, ko mutum ya kai tafin hannunsa kan hancinsa ba zai gan shi ba, kome daɗewar da ya yi yana jira. Bangon kuma baƙi ne, yana shanye haske, har tocilar da take haska tsakar gida sarai sai ta zama kamar aci-bal-bal. Shi ya sa masu lura da wurin suke cewa kowane mutum ya riƙe abin haske aƙalla biyu, da batir na ajiya. Hasken wayar hannu bai isa ba. Yaro ma a ba shi tasa tocila, kada a ce ta baba ta ishe kowa, gama in baba ya yi tuntuɓe ta faɗi ta mutu, gida duka ya shiga uku.

Sanyin ciki kuwa ba ya sākewa. Rani da damina yana wajen digiri 6, irin na asubahin Jos a tsakiyar hunturu mai tsanani, ga iska tana kaɗawa, ga ruwa yana ɗiga daga rufi. Wanda ya zo lokacin zafi da 'yar shara zai fara rawar ɗari kafin ya yi nisa. Abin mamaki, sa'ad da dusar ƙanƙara ta rufe kurmin, ta toshe hanyar mota, cikin kogon ya fi waje ɗumi, domin ƙasa ta zama masa bargo. Ana bukatar rigar sanyi, da takalmi mai kama ƙasa, da safar hannu saboda kaifin duwatsu. Kafin a tashi kuma a gaya wa wani inda za a, da lokacin da ake sa ran dawowa.

Baƙo a gidan waɗansu

Kogon ba kango ba ne, yana da masu gida. A jikin bango akwai wani abu mai yauƙi wanda ƙananan ƙwarin kogo suke ci. In hannu ya taɓa shi yakan mutu, ya ɗauki shekaru bai komo ba. Don haka an hana taɓa bango, an hana shiga da abinci, ko kare, ko taba.

Akwai kuma jemagu a kogunan yankin. A 2006 aka fara ganin wata cuta irin ta fumfuna a jihar New York, wadda takan fito fari a hancin jemage, ta tashe shi daga barcinsa na lokacin sanyi har kitsen jikinsa ya ƙare ya mutu. Ta kashe miliyoyin jemagu, a 2016 kuwa aka same ta a jihar Washington. Mutum yana iya ɗaukar ƙwayoyinta a takalmi daga wannan kogo zuwa wancan bai sani ba. Saboda haka ake roƙon baƙi su goge takalmansu kafin su shiga, kada kuma su sa tufafin da suka shiga wani kogo da su. A shekarun nan, da yake mutane sun yi yawa, sai an nemi tikiti tun da wuri kafin a zo.

Dokokin nan ba su da wuya, yaro ɗan firamare ma zai riƙe su. Iyalin da suka kiyaye su, suka tafi tare, mai ƙarfi yana jiran mai rauni, za su taka hanyar da kogin wuta ya bi shekara 2,000 da suka wuce, su fito lafiya, su kuma bar wurin yadda suka same shi domin na baya.